Da wace kalma zan faɗa wa Baba?

A babban hutun da ya wuce na sauka tashar Maraɗi da la'asar sakaliya, bayan na wuni cikin kar daga Yamai. Ban ko gama wanke ƙurar hanya ba Inna ta ce Baba yana jirana a zaure. Na iske shi bisa tabarma, tabarau a hanci, gabansa takarda mai shafi huɗu da faransanci. Ƙanena, wanda tun yana firamare kowa ke ce ma Dogo, yana tsaye jikin bango ya harɗe hannuwa. Baba ya miƙo mini takardar ya ce, "Ɗiyata, ke ce kinka yi lakwal. Karanta ki gaya mini mi ke ciki. Kada ki ƙara, kada ki rage."

Dogo shekararsa 16, tsawonsa mita ɗaya da santi 96. Tun yana aji na biyu a kwaleji ya kamu da son ƙwallon kwando, wadda su a fili suke ce ma baske. Wani mutum ya gan shi a gasar makarantu, ya biyo shi har gida, ya ce yana aiki da wata cibiyar horar da yara a wata ƙasa ta bakin teku, kuma daga can hanyar Turai a buɗe take. Shafi uku na farko duk zuma ne: ci da kwana, lakwal, takalma, likita, tikitin zuwa gida sau ɗaya a shekara. Ina karantawa ina juyawa da Hausa, Baba yana gyaɗa kai, Dogo yana murmushi. Da na kai aya ta tara sai na yi shiru. Ayar ta ce in yaron ya bar cibiyar kafin shekara bakwai, ko ya shiga wata ƙungiya ba da yardarsu ba, iyayensa za su biya sefa miliyan 15. Sunan da suka ba ayar shi ne clause libératoire.

Baba ya ce, "Ya kinka tsaya?"

Na ce, "Baba, kalma nike nema."

Ba ƙarya na yi ba. Na san abin da ayar take nufi sarai, domin a zangon karatun da ya gabata na yi sati uku ina fama da ita. Mushenmu na darasin ƙirƙirar kalmomi ya raba mana labaran wasanni, ya ce kowa ya juya nasa cikin harshensa na gida, yadda za a iya karanta shi a rediyo tsohuwa ta gane. Ni aka ba ni labarin rigimar wani ɗan baske da ƙungiyarsa kan kuɗin da zai biya ya tafi. Abokaina masu Zabarmanci da Fulatanci sun gama nasu cikin kwana biyu, ni kalma ɗaya ta riƙe ni. Garin nemanta ne na faɗa cikin labarin Ricky Rubio, kuma sai na ba ku shi kafin ku gane abin da ya sa harshena ya yi nauyi a zauren gidanmu.

Rubio ɗan Sipaniya ne, an haife shi a 1990 a wani ƙaramin gari kusa da Barsalona. Ƙungiyar Joventut ta garin Badalona ce ta rene shi. A watan Oktoba na 2005, yana da shekara 14, ya buga wasansa na farko a babbar gasar ƙasar, tsakiyar ƙattin da wasu sun haife shi. A 2008, yana ɗan 17, ya buga wasan ƙarshe na Olamfik a Bejin, Sipaniya ta zo ta biyu bayan Amurka. A watan Yunin 2009, wajen zaɓen sababbin ƴan wasa na NBA, ƙungiyar Minnesota ta ɗauke shi a matsayi na biyar. Don ku gane girman abin, Stephen Curry da kowa ya sani yau, na bakwai ne a wannan daren.

Sai dai yaron a ɗaure yake. Kwantiraginsa da Joventut sai 2011 zai ƙare, kuma a ciki an rubuta cewa in yana son tafiya kafin nan sai ya ajiye yuro miliyan 4.75, in kuma ya bari shekara ta juyo kuɗin su koma miliyan 5.75. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, ku buga lissafi: ya haura miliyar 3 na kuɗinmu. Albashinsa kuwa, ko ya tara shi shekara goma bai taɓa ko dala ba, ba zai biya ba. Za ku ce ai masu ɗaukarsa su biya mana, tunda Amurkawa ne. To dokar NBA ta lokacin ta hana ƙungiya ta sa fiye da dala dubu 500 cikin irin wannan ciniki, dalar Amurka nike nufi, ba tamu ta ƴan biyar ba. Sauran sai daga aljihun ɗan wasa. Albashin sabon shiga a NBA kuma a ƙayyade yake gwargwadon matsayin da aka zaɓe ka, ba ka da bakin ciniki. Wato da ya tafi a 2009, shekarunsa na farko a Amurka kusan bashi zai yi ta biya. Ga wani ɗaurin kuma: wanda aka zaɓa ba shi da ikon cewa wata ƙungiyar NBA yake so, sai wadda ta zaɓe shi, ko wadda ta sayi haƙƙin daga hannunta.

Rubio ya kai Joventut ƙara kotu, yana cewa kuɗin ba su yi daidai da abin da ake biyansa ba. Ku tuna, ƙungiyar da ta rene shi ce tun yana yaro, kuma lokacin da aka ƙulla takardar bai kai shekarun da zai sa hannu da kansa ba. Jaridun Sipaniya sun ruwaito cewa ƙungiyar ta riga ta jinginar da wannan kwantiragi ga hukumar haraji saboda bashin da ake bin ta. Shugaban Minnesota na lokacin, David Kahn, ya yi ta zarya zuwa Sipaniya yana neman mafita. Maganar ba ta kai ga hukunci ba. A ƙarshen bazarar, Barsalona ta biya Joventut yuro miliyan 3.7, kusan sefa miliyar 2.4, ta ɗauke shi na shekara shida, da sharaɗin bayan shekara biyu zai iya tafiya Amurka in ya biya miliyan ɗaya kacal. Ya ci kofin Turai da su a 2010, ya tafi Minnesota a 2011.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne asalin ayar. A da, ƙungiyoyin Sipaniya suna da ikon riƙe ɗan wasa ko da wa'adinsa ya cika. Wata doka ta 1985, mai lamba 1006, ta ba ɗan wasa damar ya warware kwantiragi da kansa, amma ya biya ƙungiyar asararta, in kuma ba a rubuta adadi ba kotun ma'aikata ta yanke. Doka ce da aka yi don a kwance mutane. Sai ƙungiyoyi suka ce, to tunda haka ne bari mu riƙa rubuta adadin tun ranar farko, kuma mu rubuta wanda ba mai iya biya. Irin wannan aya ce ta yuro miliyan 222 da aka biya Barsalona a 2017 Neymar ya tafi PSG, labarin da aka kwana ana musu a kansa a kowace fada ta ƙasar nan. Bambancin shi ne a tamaula mai saye yana iya zuba kuɗin duka. A baske, in Amurka za ka, kai ne za ka ɗauki kayanka.

Haka ta faru da Facundo Campazzo, ɗan Ajantina, wanda a fili kusan kowa ya fi shi tsawo amma ba mai iya riƙe shi. A 2020 ya bar Real Madrid ya tafi Denver, da bashin yuro miliyan 6 a wuyansa, wanda aka yarda ya riƙa biya kashi-kashi. Shekara biyu ya yi a Denver, ya ɗan taɓa Dallas suka sallame shi, ya dawo Turai ta Belgirad, a 2023 ya koma Real Madrid ɗin da ya baro. Ya cika burinsa na buga wasa a NBA, wannan ba mai ƙwace masa. Amma wani babban kaso na guminsa can, tsohuwar ƙungiyarsa ya yi wa.

Yanzu mu dawo kan kalma, tunda ita ce sana'ata. Ta farko da ta zo mini ita ce fansa. Kuɗin fansa, fansar kai. A ma'ana ta zauna daram: mutum yana hannun wani, ya ba da dukiya, ya fita. Amma ku da kuka fito daga Maraɗi kun san abin da kunne ke ji yau in an ce kuɗin fansa. Ƙauyukan kan iyaka, wajen Madarunfa da Gidan Rumji, sun san shi da hawaye: a zo da dare a ɗauki mutum, a sayar da shanu da gona a karɓo shi. In ka ƙara tonawa baya kuma, fansar kai ita ce abin da bawa yake yi. Akwai ma murgu, kalmar da yawancinmu ba mu taɓa ji a gida ba sai a ƙamus irin na Bargery na 1934: kuɗin da bawa ke kai wa ubangijinsa a kai a kai don a bar shi ya yi sana'ar kansa, daga abin da ya rage ya tara na fansa. Da na karanta labarin Campazzo yana biyan Madrid kashi-kashi daga Amurka, wallahi murgu ne ya faɗo mini. Sai kuma na ji kunya. Mutumin da ke karɓar miliyoyi, ya sa hannu da yardarsa, yana da lauya, ba bawa ba ne. A ƙasar da sai 2003 aka sa bauta cikin manyan laifuffuka a doka, kuma har yau akwai gidajen da abin bai zama tarihi ba, bai kamata in ɗauki kalmar in yafa wa tauraron wasa ba.

Ita kanta fansa ba fuska ɗaya gare ta ba. Tsofaffinmu ba su cewa sun sayi Alƙur'ani, sai su ce sun fanshe shi, saboda ya fi ƙarfin ciniki. Kuma da ita ake cewa ɗaukar fansa. Kalma ɗaya tana ɗauke da girmamawa, da ramuwa, da bauta, da ƴan bindiga. Wadda za ka ji cikinsu ta danganta da garinku da abin da ya taɓa samun danginku.

Na gwada tara. Amma tara mai laifi ake ci, shi kuwa wanda ya biya kuɗin ayar bai karya doka ba, ƙofar da takarda ta nuna masa ya bi. Na gwada diyya, ta yi nauyi, tana warin jini. Na gwada hul'i, na ga ta fi kusa: mace tana son fita daga aure, miji bai yi niyyar saki ba, ta mayar masa da dukiya ya sauwaƙe mata. Na ga yadda aka yi na wata gwaggona ina ƙarama. Mijin ya zo da lissafi har da goron gaisuwa da kuɗin kabu-kabun da ya hau zuwa zance, manya suka zauna suka ce a'a, sadakinka za a mayar maka. Abin da na riƙe daga wannan zama shi ne akwai ma'auni: abin da za ka karɓa a bakin ƙofar fita ya yi kama da abin da ka bayar a bakin ƙofar shiga. Ƙarar da Rubio ya kai ke nan, ba ƙari.

Sai na gano wata matsalar. Kalmar da Amurkawa ke amfani da ita, buyout, hanya biyu take tafiya. A Turai ɗan wasa ne ke biya ya fita. A cikin NBA kuwa yawancin kwantiragi tabbatattu ne, ko ka ji rauni ko ƙarfinka ya ragu sai an biya ka. Don haka in ƙungiya ta gaji da tsohon tauraro, ita ce ke cikin ɗauri. Sai a zauna ciniki: ka yafe mana wani abu, mu biya ka saura, ka tafi inda kake so. A watan Maris na 2021 Blake Griffin ya bar wa Detroit dala miliyan 13.3 don ya koma Brooklyn. John Wall ya yi kakar 2021 zuwa 2022 cur bai buga wa Houston wasa ko ɗaya ba, ana biyansa sama da miliyan 40, don ƙungiyar tana son ta ba yara fili. Sai a tsakiyar 2022 suka daidaita, ya yafe kusan miliyan 6 da rabi cikin miliyan 47 da ɗoriya, ya tafi Clippers. Wannan a Hausa kuɗin sallama ne, ba shakka. Mu da harshenmu yake bambanta saya da sayar da sayo da saye da ɗan sauyin wasali a ƙarshen kalma, ba mu iya barin magana ba a san wa ya biya wa ba. Hausa ta tilasta mini in faɗi inda kuɗin suka nufa. Turancin ya bar abin a dunƙule.

Duk wannan yana yawo a kaina, Baba yana jira, shayin Dogo ya huce. Na san in na ce "kuɗin fansa", an gama, Baba zai ninke takardar ya ce a mayar wa mai ita. In na ce "kuɗin sallama", zai ɗauka abu ne na al'ada da ake yi cikin mutunci, ya dangwala hannu. Kowace na zaɓa, ni ce na yanke hukunci, alhali cewa aka yi kada in ƙara kada in rage. A anfi ana koya mana cewa mai fassara gada ne. Ranar na gane cewa mai fassara yana iya tura mutum ruwa ba wanda ya gani.

Sai na bar neman kalma ɗaya. Na ce, "Baba, ga abin da ke ciki. In Dogo ya tafi, shekara bakwai yana hannunsu. In ya ce ya gaji, ko wasu sun ce suna son shi, ku za a bi miliyan 15. In su ne sunka gaji da shi, aya ta goma ta ce su sanar da ku wata ɗaya kafin su maido shi, ba su biyan komi. In ya karye a fili, takardar ba ta ce komi ba." Daga nan na ba shi labarin Rubio a taƙaice.

Na zaci zai tausaya wa yaron. Ina! Baba tela ne, shekara talatin da wani abu yana kan keke a bakin kasuwa, yaran da ya koya wa ɗinki ba su ƙirguwa. Ya ce, "To su masu ekip ɗin mi ne laifinsu? Sun ɗauko yaro bai san komi ba, sun ci da shi, sun koya mishi, ranar da ya fara amfani ya ce sai wata rana?" Ya tuna mini da wani yaronsa da ya yi shekara biyar a shago, ya lalata yadi ba adadi yana koyo, da hannunsa ya faɗa sai ya buɗe nasa shagon a tsallaken titi, ya kwashe rabin masu kawo ɗinki. "Ban bi shi ko dala ba," in ji Baba, "amma har yau in na wuce sai na ji abin a raina. Kowa ya ci ladan kuturu ai ya yi mishi aski."

Gaskiya ban da amsa a take, domin maganarsa tana da ƙafa. Joventut ba ƙungiyar attajirai ba ce. Sunanta ya fito ne daga renon yara, ta ci kofin Turai a 1994, kuma shekara ɗaya kafin rigimar Rubio ta ga wani gwaninta, Rudy Fernández, ya tafi Portland. Cikin yara da yawa da ake horarwa kaɗan ne ke zama taurari, kuma kuɗin wanda ya fito su ne ke biyan masu horo da wutar fili na waɗanda ba su fito ba. In ba ayar, masu kuɗi za su zauna su jira talaka ya yi noma su zo su girbe. Wanda duk ya ce ayar zalunci ce tsantsa, bai taɓa renon kowa ba.

Amma da dare, bayan isha'i, Baba da kansa ya kira ni. Ya ce ya yi tunani. Ya ce shi yaron da ya koya wa ɗinki, da zai yi masa lissafi, zai ƙirga tuwo da yadin da ya ɓata da lokacinsa. Ba zai ƙirga duk rigar da yaron zai ɗinka har ya mutu ba. Ya ce, "Wanga miliyan 15, kuɗin abincin da za su ba shi ne, ko kuɗin abin da suke zaton zai zama?" Na ce na biyun ne. Ya ce, "To shi ke nan. Sun sa ma ɗana farashi, kuma ni za a bi."

Da mutumin ya dawo bayan kwana biyu, Baba ya karɓe shi da mutunci, aka kawo ruwa da goro. Ya sa ni na faɗa masa abu uku da faransanci. Na ɗaya, a rubuta abin da za su kashe wa yaron kowace shekara, kuɗin fita su zama gwargwadon haka, suna raguwa in ya fara buga musu wasa. Na biyu, in wata ƙungiya ce ta ɗauke shi, ita za a bi, ba iyaye ba. Na uku, in ya ji rauni su yi maganinsa, kuma su bar shi ya ƙare lakwal. Ni kuma na ƙara tambaya ɗaya ta kaina, domin na karanta cewa dokar FIBA, hukumar baske ta duniya, ba ta yarda a ƙetara da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa kafin ya cika 18 ba sai da izini na musamman. Na ce ina takardar izinin? Ya yi dariya, ya ce ƙanwata ke lauya ce? Ya ce takardar daga sama take zuwa, ba a taɓa ko waƙafi, kuma akwai yara goma da ke jiran wannan wuri. Baba ya ce Allah ya ba su sa'a. Ya raka shi har ƙofa.

Dogo bai ce uffan ba a gaban Baba. Da muka shiga cikin gida ya tare ni bakin randa. Ya ce, "Yaya, kin kashe ni." Na ce ban ce kada ka tafi ba, abin da ke rubuce na karanta. Ya ce, "Shi Rubio naki ai ya tafi daga baya. Ya yi kuɗi, ya ci kofin duniya. Ni wa zai sake biyo ni Maraɗi? Ki bari a ɗaure ni mana, in dai a can ne. Nan ɗin da nike a sake, mi na samu?" Filin da suke wasa siminti ne da ya tsattsage, kwando ɗaya ba raga, ƙwallo biyu ga yara talatin. Ya san sunayen waɗanda suka fita daga Afirka suna samari, irin su Serge Ibaka na Kwango da ya bi ta Sipaniya kafin NBA. Waɗanda suka tafi aka maido su da gwiwa a kumbure ba bak ba sana'a, su ba a nuna su a tele, don haka bai san su ba.

Har na koma Yamai bai yi mini magana ba. Wata biyu saƙona yana shiga yana karantawa ba amsa. Kuma ba zan ɓoye muku ba, akwai daren da nike kwance a site ina tambayar kaina ko da gaske ban ƙara ban rage ba. Ni ce na zaɓi in ba da labarin Rubio maimakon na Ibaka. Ni ce na kawo maganar izini. Wataƙila mutumin ɗan damfara ne, wataƙila kuma hanya ce ta gaske mai tsada. Dogo ya yi gaskiya a abu ɗaya: Rubio yana da lauyoyi, da jaridu, da Barsalona mai miliyan 3.7 a hannu. Ya ci kofin duniya da Sipaniya a 2019, aka zaɓe shi gwarzon gasar. A 2023 ya ajiye wasa na ɗan lokaci saboda lafiyar ƙwaƙwalwarsa, a farkon 2024 ya yi sallama da NBA, a 2025 kuma ya koma Joventut, ƙungiyar da ya taɓa kai wa ƙara. Su rigimarsu ta warke. Ɗan tela daga Maraɗi in ya faɗa irin wannan rami, ba Barsalonar da za ta zo. Gidanmu ne za a sa a kasuwa, kuma ko an sayar bai kai miliyan 15 ba.

Ƴan uwa ɗalibai, da yawanmu mu ne na farko a gida da muka iya karanta faransanci. Kowane hutu takarda tana jiranmu: ta bashin babur, ta aikin ƙasar waje, ta fili, ta wani da ya ce zai kai ƙane Turai buga tamaula. Abin da na koya kaɗan ne, amma ga shi. Ku fara karatu daga shafin ƙarshe, can ake ajiye maganar rabuwa. Ku tambayi wa zai biya wa, nawa, kuma in ɗaya ɓangaren ne ya fasa mi zai faru. In kalma ta ƙi juyuwa, kada ku yi sauri ku cusa wadda ta fara zo muku, ku warware ta jimla-jimla ku bar mai abu ya yanke da kansa. Kuma ku shirya, wani zai yi fushi da ku.

A aikin da na miƙa wa mushe, na rubuta "kuɗin warware kwantiragi", na ƙara jimla ɗaya da ke cewa ɗan wasan ne zai biya. Ya ja layi da jan biro ya rubuta cewa ya yi tsawo ga rediyo, ya ba ni 12 bisa 20. Ban yi gardama ba, ya yi tsawo ɗin.

Satin da ya wuce Dogo ya aiko mini da hoto ta WhatsApp, ba gaisuwa ba komi. Wata takarda ce, ta gasar share fage da za a yi a Yamai, shafi ɗaya, ana son sa hannun uba. Ƙarƙashinta ya rubuta: "Yaya, duba min wannan. Har ƙasa."